Yarjejeniyoyin ƙasashe sun shafi mai sayar da jaka ta intanet?

Malam, ka ce kana ɗinka jakunkunan fata a Ƙofar Wambai, wata 'yar kasuwa a Ghana ta gan su a Instagram, kana tambaya ko yarjejeniyoyin ƙasashe sun shafe ka. Ƙwarai kuwa.

Fara da lambar HS, wato lambar da kwastam ke gane nau'in kaya da ita, wadda Hukumar Kwastam ta Duniya ke kula da ita. Lambobi 6 na farko iri ɗaya ne a Najeriya da Ghana. Jakar hannu mai bayan fata 4202.21 ce, mai bayan roba ko yadi 4202.22. Nan ake yawan tuntuɓe: in ka rubuta fata alhali roba ce, kwastam na iya riƙe kayan, kuɗin ajiya ya yi ta hawa. Ka tabbata lambar da ke kan rasit ita ce a takardar kamfanin aikawa.

Batun kuɗi kuwa, tambayi bankinka ko yana kan PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da aka ƙaddamar a 2022: ta hanyarsa 'yar kasuwar ta biya da sidi, ka karɓi naira, ba neman dala. Ƙa'idar cinikin intanet ta AfCFTA, wato yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka, an amince da ita a 2024, amma aiwatarwa sai a hankali. Kada ka jira ta, ka yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta Najeriya, tukuna.