Amsa kan bidiyon Mas ɗin Latin da aka turo guruf

Salama 'yan'uwa, yabo ga Yesu. Ƙanwata na ga tambayarki tun jiya, wannan bidiyon da fada ya juya wa jama'a baya yana ta Latin ƙasa-ƙasa, mata duk da gyale a ka, kika ce wai su ma Katolika ne ko kuwa wani coci ne daban. To rubutu zai yi tsawo shi ya sa na ce bari in yi murya kawai.

Wannan Mas ɗin ai shi kakanninmu suka tarar, shi fadan turawa suka shigo da shi ƙasar nan. Tun 1570 Paparoma Piyus na biyar ya tsara littafinsa, aka yi ta tafiya da shi har babban taron Vatikan na biyu, 1962 zuwa 1965, bayan taron ne Paparoma Bulus na shida ya fito da sabon tsari a 1969, wanda muke yi yanzu da Hausa da ganga da komai. Kin ga Latin ɗin shi kansa ba haramun ba ne, mu ma ai muna rera Gloria da Sanctus ranar manyan bukukuwa, ko da rabin mawaƙan coci ba su san me suke faɗi ba, ni ma a ciki.

Rigimar ta taso ne daga wani akbishop Bafaranshe, Marsel Lefeb, kuma abin mamaki mutumin Afirka ya sani sosai, ya yi aikin mishan a Gabon, ya yi akbishop a Dakar ta Senegal. Shi ya ce sam bai yarda da sabon tsarin ba, a 1970 ya kafa ƙungiyar fada a Suwizalan wadda ake ce wa SSPX. Aka yi ta jan zare da Roma shekara da shekaru har 1988, ya ga tsufa ya kama shi kuma in ya mutu babu mai naɗa musu fada, sai ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma Yohanna Bulus na biyu ba. Nan take aka ce shi da su sun fita daga tarayyar ikklisiya. Ya rasu 1991 da hukuncin a kansa. Paparoma Benedik na sha shida ya ɗage wa bishop huɗun hukuncin a 2009 amma ya faɗa a fili cewa ƙungiyar ba ta da matsayi a dokar ikklisiya. Su dai 'yan ƙungiyar cewa suke ba su ɓalle ba, kuma suna ambaton sunan Paparoma a cikin Mas, umarninsa ne suke zaɓen wanda za su bi.

Akwai kuma waɗanda suka wuce nan, su suka ce kujerar Bitrus ma, wato kujerar Paparoma, babu kowa a kai tun rasuwar Piyus na sha biyu a 1958, duk waɗanda suka biyo baya ba paparoma ba ne. In suka zo wurin da ake ambaton Paparoma a addu'ar sai su tsallake. Wasu fada tara a Amurka sun rabu da Lefeb a 1983, a cikin abin da ya raba su har da littafin tsohon Mas bugun 1962 da yake amfani da shi, su a ganinsu shi ma an riga an taɓa shi, sai wanda ya girme shi. Ɓallewa a cikin ɓallewa kenan. Na Sifen kuwa, can wani ƙauye Palmar de Toroya, wani mutum da ya makance a haɗarin mota ya tashi a 1978 ya ce shi ne paparoma, suka yi ta datse Mas ɗin har ya koma kamar minti biyar, da Latin ɗin dai. Allah ya kyauta.

Kuma kada ki ɗauka duk wanda ya ɓalle Latin yake riƙe da shi. Waɗanda suka fita bayan 1870 a Jamus da Suwizalan saboda maganar Paparoma ba ya kuskure a koyarwa, su tun da wuri suka koma harshensu, sun riga mu da kusan shekara ɗari.

Sannan ga masu wannan tsohon Mas ɗin sak amma suna ƙarƙashin Roma, kamar FSSP, fada ne da suka bar Lefeb a 1988 suka ce su ba za su bi shi can ba. Suna nan Najeriya a Umuaka ta jihar Imo da yardar bishop na wurin, su kuma SSPX suna Inugu. In kika kalli bidiyonsu biyun ba za ki iya rabewa ba, kaya ɗaya, Latin ɗaya, durƙuso ɗaya. Benedik ya buɗe wa tsohon Mas ƙofa a 2007, Paparoma Faransis ya zo ya tsuke ta a 2021 ya maida izinin hannun bishop.

Don haka bidiyon nan da kika turo, duba sunan cocin a ƙasansa ki turo min, abin da za mu bincika shi ne wane bishop ne fadan yake ƙarƙashinsa. Bari in tsaya nan cajina ya kusa ƙarewa, a gaida su Mama.