Malam, ga abin da na gani game da tambayarka kan ƙanwarka

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ƙanwarka ta shiga sahun 'yan matan nan masu rajin kare haƙƙin mata, kana tambaya ko ba ɓata lokaci ba ne alhali ga yunwa ga rashin tsaro. Ni 'yar Bauchi ce, tun 2019 nake cikin wannan harka, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Maganar farko da na bi ta wata 'yar talla ce, shekararta 11, wani magidanci ya ja ta kango ya yi mata fyaɗe. Na zaci mutum ɗaya za mu fuskanta. Da muka kai ƙara, aka ce sai mun kawo kuɗin mai kafin a je a kamo shi. A asibiti aka ce mu yanki kati, mu sayo safar hannu. Uwar yarinyar ko kuɗin adaidaita ba ta da shi. Da cinikin tallar nan ake ɗora tukunyar dare, shi ya sa ma yarinyar ba ta zuwa makaranta. Kwana biyu sai ga dattawan unguwa da maganar a rufa asiri, saboda mutumin mai hali ne. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Cikin mako guda mun ci karo da talauci, da rashin karatu, da lalacewar asibiti, da cin hanci. Yunwar da kake magana a kai, ita ce ta ɗora wa yarinyar nan faranti a ka.

Haka abin yake a ƙasa baki ɗaya. A Fabrairun 2019 da aka fara #ArewaMeToo, gangamin da matan Arewa suka yi a intanet na fallasa masu cin zarafinsu, jami'an SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, ne suka kama Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin jagororin gangamin, a Kaduna. Don haka da zanga-zangar #EndSARS ta neman a rusa SARS ta taso a Oktoban 2020, ba baƙon labari ba ne a wajenmu. Ƙungiyar Feminist Coalition ma ita ta tara gudummawa, ta biya kuɗin lauyoyi da na jinyar masu zanga-zanga, maza da mata. A nan Arewa da yawanmu kukan 'yan bindiga muka fi yi a lokacin, kuma in ka duba, su wa ake sacewa a makarantu, su wa ake bari da marayu?

Dokar VAPP mai hana cin zarafin mutane an sa mata hannu a 2015, amma Abuja kaɗai ta shafa, sai jiha ta amince da tata. Bauchi ta yi a 2020. Ba mata kaɗai take karewa ba, har yaro namiji da aka lalata.

Masu cewa daga Turai aka kwaso abin, ina tuna musu Hajiya Gambo Sawaba. A NEPU ta yi gwagwarmayarta, jam'iyyar talakawa, tana yaƙi da auren dole da hana mata ƙuri'a, aka yi ta ɗaure ta. Ba ta taɓa raba kukan mace da kukan talaka ba.

Ba zan ce ba mu da laifi ba. Wasunmu a Twitter suke ƙarewa, da Turancin da uwar 'yar tallar nan ba za ta taɓa ji ba, wasu kuma zafin baki ya sa sun kori malaman da da za su taya mu. Wannan yana damuna ƙwarai.

Shawarata, kada ka hana ta. Zaunar da ita ka tambaye ta me suke yi a zahiri, da su wa take tafiya. Kada ta je ofishin 'yan sanda ita kaɗai, kada ta sa hoton wadda aka zalunta a intanet. In da hali, ka raka ta sau ɗaya.

'Yar tallar nan kuwa, mun yi karo-karo mun ba uwarta jarin awara a gida, ita kuma ta koma aji. Shari'ar ce aka yi ta ɗagewa har iyayen suka gaji.