Wayar da ake ce wa "mai zafi": za ta iya da ranar Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Aikin wayarin nake yi a Jidda. Na ji labarin wata waya da wuta ke bi ba ta asarar komai, wai ita ta "zafi mai yawa" ce. Ke nan da mu ta dace, tunda a nan rana har laushi take sa robar kebul?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan ne ya ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ba. Tun 1911 aka san cewa in an sanyaya wasu ƙarafa zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifiri, wuta na ratsa su ba tirjiya. A 1986 wasu masana biyu, Bednorz da Müller, suka gano wani irin tangaran mai wannan hali, a 1987 kuma aka samu wanda ke yi a digiri 180 ƙasa da sifiri. To, ka ji "zafin" nata. Abin da ya faranta wa masana rai shi ne ruwan naitirojin ya isa ya sanyaya shi, ga shi ya fi ruwan hiliyom, wanda ake sanyaya waɗancan ƙarafan da shi, araha nesa ba kusa ba.

Tangaran kuwa ka san shi, a lanƙwasa ya karye. Shi ya sa ake shafa shi siriri ƙwarai a kan ɗan zirin ƙarfe, a lulluɓe da azurfa da tagulla. In ka riƙe shi sai ka ce zaren kaset ne, faɗinsa milimita 4, amma cikin naitirojin yana ɗaukar amfiya sama da 100. Ana nannaɗe da yawa a zura su cikin bututu mai bango biyu irin na fulas ɗin shayi. Saboda wannan bututun, ranar Jidda ba ita ce babbar matsala ba. Kuɗi ne, da injin sanyin da ba ya hutawa dare da rana.

A 2014 a birnin Essen na Jamus aka binne irin wannan waya mai tsawon kilomita ɗaya, mai bolt 10,000, a madadin layin bolt 110,000. A ganina irin wurin nan ne take da riba, cikin gari mai cunkoso kamar tsakiyar Makka, inda wurin haƙa rami ma aiki ne. Layin da zai ratsa sahara kuwa, a bar wa alminiyom.

Kasuwarta ta gaske tana wajen maganaɗisu. A 2021 jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems a Amurka suka haɗa mai ƙarfin tesla 20 da wannan zirin, alhali na'urar MRI ta asibiti galibi tesla 1.5 ce ko 3.