Windows ba ta ganin Ubuntu ɗina a VirtualBox, in kashe katangar tsaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗalibi ne ni daga Ƙofar Marusa, Katsina. Na ɗora Ubuntu cikin VirtualBox (manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta), tana hawa intanet lafiya lau, amma na kasa shiga cikinta ta SSH (hanyar ba kwamfuta umarni daga wata kwamfutar) daga Windows, ga ranar kare aikina ta matso. Wani mai gyara ya ce in mayar da ita Bridged, in kashe katangar tsaro (firewall) ta Windows gaba ɗaya. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi, ƙanina, babu abin da ya lalace. A kan NAT kake, wato tsarin da Ubuntu ke fita intanet ta bayan Windows, kuma halinta ke nan: Ubuntu ta karɓi adireshin 10.0.2.15, tana fita, amma ba a shigo mata, ko daga Windows ɗin da ke ɗauke da ita. Kashe Ubuntu ɗin, a saitin VirtualBox ka bar NAT a Adapter 1 saboda intanet, ka sa Host-only, wato layi tsakanin Windows da Ubuntu kaɗai, a Adapter 2. Windows za ta zama 192.168.56.1, umarnin "ip a" kuma zai nuna maka adireshin Ubuntu, galibi daga 192.168.56.101. Ka tabbata ka ɗora openssh-server a Ubuntu, manhajar da ke amsa SSH.

Maganar mai gyaran nan ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ci karo da ita. Bridged na nufin Ubuntu ta karɓi adireshi kai tsaye daga MiFi ko wayfai ɗin da kake kai, duk wanda ke kan layin yana ganinta. A ɗakin kwanan ɗalibai, ka san iyakar waɗanda ke da lambar sirrin wayfai ɗin? Sannan ka kashe katanga, wato ka bar ƙofar (port) 445 ta Windows a buɗe, ƙofar da muguwar manhajar WannaCry ta bi a 2017. Mafi muni masu koyon tsaron intanet da ke ɗora Metasploitable 2 a Bridged, na'urar da aka gina da ramuka da gangan, sunan shiga da lambar sirrinta duk msfadmin. Wallahi wannan sakaci ne, kuma mai koya wa yara haka yana ɗaukar alhaki.

Hujjar masu kashe katanga wai ping, wato gwajin ko wata kwamfuta na amsawa, ba ya tafiya. To Windows da ma ba ta amsa ping sai an ba ta izini. Doka ɗaya za ka kunna a katangar, ta Echo Request, ka taƙaita ta ga 192.168.56.0/24.

In ka fi son zama kan NAT kaɗai, tura ƙofar 2222 ta Windows zuwa ƙofar 22 ta SSH a Ubuntu, ka rubuta 127.0.0.1 a gurbin Host IP. In ka bar shi babu komai, maƙwabcinka ma zai iya ƙwanƙwasawa.