Firiza ta hannu don sana'ar ƙanƙara: abin da za ki duba kafin ki biya

Wata baiwar Allah mai saida ƙanƙara da zoɓo a Tahoua ta aiko da tambaya. Ta ci adashe, ta haɗa jaka 150 na sefa, tana son ta sa ɗan'uwanta da ke Yamai ya sayo mata firiza ta hannu a kasuwar Katako kafin zafi ya shigo. Ta ce, ta saya, ko ta jira kuɗin sabuwa su cika?

Hajiya, ki saya. Watan Afrilu da Mayu ba sa jiran kowa, kuma ribar mai ƙanƙara a lokacin take. Amma kada jaka 150 ɗin nan su tafi duka a hannun mai kaya. Ki ware kamar kashi ɗaya cikin uku don kuɗin mota, da na'urar daidaita wuta, da gyaran farko, don kayan hannu da wuya su rasa abin taɓawa.

Ki gaya wa ɗan'uwanki ya bar kallon fenti, ya nemi ƴar takardar da ke manne a baya ko a cikin firizar. Akwai harafi a jikinta da yawancin masu saye ba su kula da shi. Idan ya ga N, an ƙera ta don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST tana kaiwa 38, T kuma 43. Da yawa daga kayan da ke fitowa daga Turai, musamman tsofaffin, don sanyin can aka yi su. Ki kawo irin wannan Tahoua, inda rana ke haura 40, sai injin ya yi ta gudu ba hutu, ƙanƙara ta ƙi kamawa, takardar kuɗin wuta ta Nigelec kuma ta yi nauyi. T za ki nema, in babu, ST. A takardar dai zai ga ƙarfin wuta: tamu 220 ce, kusan daidai da ta Turai. Kayan Amurka na 110 ne, a bar su.

Sai maganar gas. In mai kaya ya ce "lafiyarta lau, gas kawai za a ƙara", ɗan'uwanki ya yi sallama ya wuce. Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa kamar na girki, a rufe yake yana zagayawa. In ya ragu, akwai huda, sau da yawa daga wuƙar da wani ya kankare ƙanƙara da ita. Wadda aka rubuta R12 a jikinta kuwa ta tsufa ƙwarai, an daina yin gas ɗin tuntuni. R134a ko R600a ake samu wajen masu gyara.

Gwajin minti biyar na kasuwa ba gwaji ba ne. Ya tafi da mai gyaran firigo nasa, ba na shagon ba, ya bar ledojin ruwa a ciki su kwana, ya dawo da safe. Ya maƙale takarda a bakin murfi ya ja. In ta zare ba wuya, robar ta saki. Su yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa a rubuce, ko a bayan rasit ne.

Abin da ni bai kwanta mini ba shi ne nisan. Yamai zuwa Tahoua ya haura kilomita 500, ta Dosso da Birnin Konni. In ta lalace bayan mako guda, wa zai ɗauke ta ya mayar? Ki fara zaga Tahoua tukuna. Ƙarin jaka 10 wajen wanda kika san ƙofar shagonsa ya fi mini rahusar Katako.

In dai daga Yamai ta zo, a ɗauro ta yadda take zama a ɗaki, kada a kifa ta. Ta iso, ki bar ta ta kwana kafin ki jona wuta, man injin ya koma mazauninsa.