Mun riga mun biya asibiti, me ya sa kuma muke bin sawun wanda ya kaɗe shi?

Ɗana,

Tambayar da ka tare ni da ita jiya a bakin ƙofar ofis ba ta tsaye-tsaye ba ce, shi ya sa na ce ka bari in rubuto maka. Cewa ka yi: "Maigida, mutumin nan mota ta kaɗe shi, ƙafarsa ta karye. Duk wata ana cire masa kuɗin inshorar lafiya, mu kuma mun biya asibiti kamar yadda muka ɗauki alkawari. To me ya sa aka ce in rubuta masa wasiƙa ina tambayar wa ya kaɗe shi, ko ya ɗauki lauya? Ni kunya abin yake ba ni." Ni ma na ji wannan kunyar a shekarata ta farko a sashen nan, kuma ba na so ka rabu da ita gaba ɗaya. So nake ka san inda za ka ajiye ta.

Tun asali ba kuɗin majinyacin muke nema ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, direban da ya yi gangancin shi ya kamata ya ɗauki kuɗin asibiti, shi ko kamfanin inshorar motarsa. Amma a nan Amurka kafin a tabbatar da mai laifi a biya diyya sai a shekara biyu ana ja-in-ja, ƙashi kuwa ba ya jiran lauyoyi. Sai mu biya yau, sannan mu maye gurbin mutuminmu wajen karɓar wancan kason na magani daga mai laifin. Abin da ake kira haƙƙin maye gurbi ke nan. Tsohon abu ne. A Ingila a 1883, a shari'ar Castellain da Preston, an yi cinikin gida, kafin a kammala biya wuta ta taɓa shi, inshora ta biya masu gidan fam 330, mai saye kuma ya biya cikakken kuɗinsa. Kotu ta ce su mayar wa inshora kuɗinta, don asara ɗaya ba a biyanta sau biyu.

Akwai abu ɗaya da yara sababbin zuwa ba sa ganewa. Tunda gurbinsa muka maye, ba mu da haƙƙin da ya fi nasa. Ka san halin mutanenmu a gida: a kaɗe mutum, dattawa su shiga tsakani, ya ce ya yafe, Allah ya kiyaye gaba. To a nan idan ya sa hannu a takardar cewa ya sallami direban kafin mu sanar da kowa cewa muna da kaso, sau da yawa namu ma ya bi ruwa ta wancan ɓangaren. Sai ya rage mu da shi, mu ce ya mayar mana daga abin da ya karɓa. Nan ne aikin yake yin ɗaci, kuma dalilin wasiƙar da kake jin kunyarta ke nan. In ta fita da wuri, da kamfanin inshorar direba muke magana. In ta makara, da gurgu muke magana.

Yadda fayil ɗin ya iso teburinka kuwa ba wani sirri ba ne. Kowace takardar biya daga asibiti tana zuwa da lambar ciwo. Masu farawa da S raunuka ne, masu farawa da V haɗarin abin hawa ne. Kwamfuta ce take tsamo su. Yawancinsu ba komai a ciki, tsohuwa ce ta zame a banɗakinta, sai ka rufe fayil ka yi mata fatan sauƙi.

Idan amsa ta dawo cewa akwai mai laifi, kada ka ɗaga waya tukuna. Nemo kundin yarjejeniyar inshorar lafiyarsa ka karanta, sannan ka tambayi kanka: kuɗin wa muka biya da shi? In kamfanin inshora ne ya ɗauki nauyin da kansa, dokar jiha ce ke aiki, jihohi kuma kowace da halinta. Bajiniya da Niyok sun hana irin wannan bin kuɗi a yawancin inshorar lafiya. Wasu sun ce ba za ka taɓa ko sisi ba sai an cike wa mai rauni asararsa duka. In kuwa ma'aikatar da yake wa aiki ce take biya daga aljihunta, mu lissafi kawai muke riƙe mata, to dokar tarayya ta ERISA ta 1974, wadda ke kula da tsare-tsaren lafiya da fansho na ma'aikata, ita ce ke aiki, kuma tun 1990 Kotun Ƙoli ta ce hanin jihohi bai hau kan irin wannan tsarin ba. Mutum biyu a gado kusa da kusa a asibiti ɗaya, karaya iri ɗaya, ɗaya za a bi shi ɗaya ba za a bi shi ba. Ban ce maka adalci ba ne, haka dai dokar take.

Shari'ar da nake so ka haddace ita ce ta US Airways da McCutchen, 2013. McCutchen ma'aikacin kamfanin jirgin sama na US Airways ne, wata mota ta ƙwace ta afka masa. Tsarin lafiyar kamfanin ya biya masa dala 66,866. Inshorar mai laifin kaɗan ce, ga wasu mutum uku da suka mutu ko suka jikkata a haɗarin, don haka duk abin da ya samu, har da na inshorar motarsa, dala 110,000 ne, alhali an ƙiyasta asararsa ta haura miliyan. Lauyoyinsa suka cire kashi 40 cikin ɗari, dala 44,000. Saura 66,000. Kamfanin ya ce a ba shi 66,866 ɗinsa cif. Yi lissafin da kanka: mutum ya sha wahalar shari'a, a ƙarshe sai ya ciko dala 866 daga aljihunsa. Kotun Ƙoli ta ce abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne doka tsakaninsu, ba za a ture shi da hujjar tausayi ba. Amma tunda takardar da ke gaban kotu ba ta ce komai a kan kuɗin lauya ba, sai a koma ga tsohuwar ƙa'ida: wanda zai ci daga tukunyar da lauya ya dafa, dole ya sa hannu a kuɗin itace. Bayan hukuncin nan kamfanoni da yawa suka koma suka rubuta ƙarara cewa ba ruwansu da kuɗin lauya. Shi ya sa nake hana ka dogara da kundin bara.

Ɗayar kuma ta Montanile ce, 2016, ita tsoro take koyarwa. Wani mashayi ne ya ƙi tsayawa inda aka ce a tsaya, ya afka wa motar Montanile. Asusun lafiyar ma'aikatan lif (na'urar hawa bene) ya biya masa kusan dala 121,000, shi kuma ya yi sulhu a kan dala 500,000. Lauyansa ya riƙe kuɗin, aka yi ta ciniki ba a daidaita ba, sai ya rubuta wa asusun cewa nan da kwana 14 zai miƙa wa mai shi kuɗinsa in bai ji ƙorafi ba. Shiru. Sai bayan wata shida suka kai ƙara. Kotu ta ce haƙƙinsu a kan wancan kuɗin sulhun yake, shi kansa. In ya sayi mota ko gida da shi, ana iya bin sawu. In ya tafi a abinci da hayar gida da zirga-zirga, shi ke nan, ba za a taɓa sauran dukiyarsa ba. Ni ma irin haka ta taɓa faruwa da ni a wani ofis da na fara aiki. Wasiƙar lauya ta kwana uku a ƙarƙashin wasu takardu a teburina, na tafi hutu, kafin in dawo an raba kuɗi. Har yau duk wasiƙar da na ga tambarin lauya a kanta, a tsaye nake buɗe ta.

Fayil ɗin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya don tsofaffi da naƙasassu, daban ne, kada ka haɗa shi da waɗannan. Tun dokar 1980 abin da suka biya a irin wannan hali biya ne na sharaɗi, kuma gwamnati tana iya neman ninkin kuɗin daga kamfanin da ya ƙi mayarwa. In ka ga irinsa ka kawo mini.

Yanzu ga inda kunyarka take da amfani. Takarda tana iya ba ka ikon karɓe komai, amma ba kullum ake karɓe komai ba. Lauyan mai rauni zai kira ka ya ce inshorar direba ba ta wuce kaza ba, mutuminsa ba zai ƙara tafiya daidai ba, ka rage. Kada ka ce a'a da sauri, kada kuma ka ce to da sauri. Nemi takardar da ke nuna iyakar inshorar direban. Bi lissafinmu layi-layi ka cire duk abin da ba na haɗarin ba ne, don sau da yawa za ka tarar an cusa maganin hawan jininsa da na sukari a ciki, kuma neman wannan ba haƙƙinmu ba ne ko kaɗan. Sannan ka tuna in muka nace sai mun cinye duka, mutumin ba shi da dalilin yarda da sulhun, lauyan ma yana iya ajiye shari'ar, kowa ya tashi a tutar babu. Ragin ba kai za ka yanke ba, mai kuɗin ne zai yanke, amma abin da ka rubuta masa a kai shi yake karantawa.

Mai karyayyar ƙafar nan, na leƙa fayil ɗinsa kafin in tashi. Ma'aikatarsa ce take biya daga aljihunta, kuma rahoton 'yan sanda yana ɗauke da sunan kamfanin inshorar direban. Gobe da safe ka fara aika musu sanarwar cewa muna da kaso, kafin ma ka rubuta masa. Wasiƙarsa kuma ka cire kalmar "bashi" da ke cikin samfurin ofis, ka fara da yi masa sannu da jiki. Kawo mini ita in gani kafin ta fita.