Amsa: Me ake koyo a fannin ilimin ɗorewar muhalli?

Malam, ka tambaya ko wannan fanni yana da wani abin kirki a jami'a, ko kuwa sabon suna ne kawai aka laƙa wa ilimin ƙasa. Akwai abin kirki, amma sai ka san ba darasi ɗaya ba ne. Ana haɗa kimiyyar ƙasa da ruwa, tattalin arziki da zamantakewa don a warware matsala guda. Jami'ar Jihar Arizona a Amurka ta buɗe makaranta sukutum a kansa tun 2006.

Ga misali kusa da gida. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi barin kututturen itatuwa su sake toho a gona, suna rage rassan maimakon sassabe su ƙone. Gawo ne gwarzon wannan aiki: yana kakkaɓe ganye da damina, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Masu bincike, ciki har da na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sun bi ta hotunan tauraron ɗan'adam da hira da manoma, aka ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram. Ka ga mai auna ƙasa shi kaɗai ba zai gano dalili ba, don har da batun wa ke da ikon itacen, manomi ko hukumar gandun daji.

In digiri na biyu kake nema, duba Cibiyar Nazarin Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, Kano. Sai dai ka ƙware a lissafin ƙididdiga tukuna, nan ne ɗalibai da yawa ke shan wuya.